Shin Ko Kun San? Damagaram da Cin Kifi a Bakin Ruwa

Shin ko kun san tsakanin birnin Damagaram da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar kusan kilomita 1,000, ko da tsuntsu ne ya miƙe bai ratse ba? Shi ya sa idan ɗan unguwar Birni ko ta Zango ya ga hotunan nan da ake turawa ta waya, ga rumfar kaba a kan farin rairayi, ga kifi yana gasuwa a garwashi, ruwa na zuwa har gindin benci yana komawa, sai ya ɗauka wata duniya ce da ba ta haɗa komai da shi ba. Alhali zumuncin da ke tsakanin Damagaram da irin waɗannan wurare ya girmi kakan kakanmu.

Ko kun san kuɗin da kakannin nan namu suka sayi fura da tsire da su, daga bakin ruwan wani tsibiri aka kwaso su? Kuɗin nan shi ne wuri, ƙwanson wani ƙaramin dodon-koɗi na teku, kuma wanda ya fara cika kasuwannin ƙasar Hausa daga tsibiran Maldib ya fito, can cikin tekun Indiya. Yadda ake samunsa ba wuya. A saro ganyen kwakwa a shimfiɗa a ruwa marar zurfi, halittun su hau su maƙale, a janyo ganyen waje a shanya a rairayi har naman ya ruɓe ya bushe, sai a wanke ƙwanson a ɗure a buhu. Wani ya biyo ta Masar da Sahara a kan raƙuma, mafi yawa kuma jiragen Turawa suka ɗauko shi, ya zaga ta Ingila da Holan kafin a sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa.

Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Zinder, wato birnin Damagaram, a ƙarshen 1852, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dalar azurfa guda a wuri 2,500. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan ƙato ɗaya ne cur. Daga 1845 ƴan kasuwar Hambug na Jamus suka fara jido wani wurin mai araha daga wani tsibirin, Zanzibar, suka yi ta zubawa a kasuwannin gaɓa har darajarsa ta yi ta faɗuwa. Ke nan a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni kuma ya rasu a 1884, abin da ke faruwa a rairayin Zanzibar yana iya taɓa farashin tiyar hatsi a Damagaram.

Ko kun san mutum ɗaya ya ga farkon wannan hanya ya kuma ga ƙarshenta da idonsa? Ibnu Baɗuɗa, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya yi alƙalanci a Maldib wajajen 1343 zuwa 1344, ya ga yadda ake tsamo wuri. Shekara goma ba ta cika ba sai ga shi a Mali da Gawo yana kallon mutane suna ciniki da shi, daga nan ya wuce Tagidda ta ƙasar Abzin a 1353. Ya kuma ba da labarin abincin mutanen tsibiran Maldib: kifi da kwakwa. Har gobe shi ne abincinsu.

Karin kumallon Bamaldibe sunansa mas huni. Kifin tuna ne da aka dafa aka marmasa, a cuɗa shi da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, a matsa lemun tsami, a ci da wata gurasa marar kauri da baƙin shayi. Da rana kuma romon kifi tsararo a kan shinkafa. Masuntansu da sanda da ƙugiya suke kama tuna, ɗaya bayan ɗaya, suna watsa ƙananan kifaye masu rai a ruwa don su janyo garken kusa da jirgi. Ƙasar tana da tsibirai kusan 1,200, mutanenta Musulmi ne tun 1153, kuma tudunta bai ɗara ruwan teku da fiye da mita ɗaya da rabi ba in aka yi ƙididdiga ta tsaka-tsaki.

Akwai wani abu a tarihin yawon buɗe idonsu da ya kamata duk mai tafki a garinsu ya ji. An buɗe masaukin baƙi na farko a 1972, amma shekara da shekaru baƙi a tsibiran da aka keɓe musu suke sauka, su ci a can su kwana a can, ɗan ƙasa sai dai ya je ya yi musu aiki. Sai a 2009 aka yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune. Daga nan ne mai ɗan shagon shayi da mai gasa kifi a tsibiri irin Mafushi suka fara ganin kuɗin baƙo a hannunsu. Ni a wurina wannan doka ta 2009 ta fi dukkan ɗakunan alfarman da aka kafa a kan ruwa amfani, domin ita ce ta kai ciniki ƙofar talaka.

Ko kun san a mazhabar Malikiyya, wadda ita muka gada a ƙasar Hausa, duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne a ci, kuma ba ya bukatar yanka? Jatan lande, ƙaguwa, dorinar ruwa mai hannu takwas, duka sun shiga. Hanafawa ne suka tsaya a kifi kaɗai. Saboda haka Badamagare da ya je Zanzibar ya shiga dandalin Forodani da magariba, inda ake jera tebura a bakin teku ana gasa tsiren da suke kira mishkaki, ana matse rake da citta da lemun tsami, abin da zai hana shi ɗanɗana dorinar ruwa sai dai ƙyanƙyami. Shawara ɗaya: a tsaya inda aka ga ƴan gari sun yi layi, a kuma sa a gasa a gaban ido.

Yanzu ga babban labarin.

Shin ko kun san abincin titi da ya fi kowanne farin jini a Abijan ta Kwaddibuwa, birnin da ruwa ya kewaye, a hannun ƴan Nijar ya yi suna? Garba ake ce masa. Acheke ne, wato turararren garin rogo, da soyayyen kifin tuna, a yanka tumatir da albasa da ɗanyen attaruhu a kai, a marmasa dunƙulen magi, a ɗebo man suyar a yaryaɗa, a ci da hannu. Wurin cinsa rumfar kwano ce da benci da bokitin wanke hannu, mai saye shi ke zaɓar yankan kifin da ya yi masa. Ɗalibi da ɗan dako da ma'aikacin banki duk a benci ɗaya suke haɗuwa. Masu sayarwa maza ne, kuma tun farko galibinsu Hausawan Nijar ne ƴan ci-rani, ƙasar da ba ta da ko taƙi ɗaya na gaɓar teku. Hanyar Kwaddibuwa dai Adarawa sun fi kowa saninta. Game da sunan, wasu sun ce na masu sayarwar ne ya bi abincin, wasu sun ce na Dicoh Garba ne, ministan da ya riƙe harkar dabbobi da kifi a Kwaddibuwa a shekarun 1970.

Me ya sa tuna, kifin da ake cika gwangwani da shi a kai Turai, ya zama abincin talaka a Abijan? A 1950 aka gama haƙa mashigar Biridi wadda ta haɗa tafkin Eburiye da teku, manyan jirage suka samu hanyar shigowa, garin ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin sauke tuna a Afirka. Jiragen suna daskarar da kifin cikin ruwan gishiri tun suna tsakiyar teku. In sun sauke, masana'antun gwangwani su zaɓi nasu, su bar ƙanana da waɗanda suka ƙuje da waɗanda gishiri ya yi wa yawa. Wannan ragowar ita ake fitarwa kasuwar gari, ita ce jarin mai garba. Gishirin da kuke ji ya ratsa kifin har ƙashi, tun daga cikin jirgi ya shige shi. Ɗan ci-rani ya ga abin da manya suka raina, ya sa gari ya soya, ya ciyar da birni guda. Wannan basira ce da ta cancanci a rubuta ta a tarihin kasuwancin Hausawa, kusa da fataucin goro na Gwanja.

Kuma ko kun san unguwannin Tireshbil da Markori da Kumasi na Abijan, inda rumfunan garba suke birjik, a kan tsibiri suke? Tsibirin Peti-Basam ne, a tsakiyar tafkin Eburiye, gadoji suka haɗa shi da sauran gari. Ashe mai abinci a tsibirin ƙasar zafi da ake ta kallo a hoto, wani lokaci ɗan'uwanmu ne da ke aiko da kuɗin taki gida in damina ta ƙarato. Shi kuwa acheken, matan ƙabilun bakin tafkin, irin su Eburiye da Ajukuru da Aladiyan, su ne gwanayensa: rogo ake niƙawa a bar shi ya yi tsami, a matse, a murje, a turara. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin sa cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Yau ana sayar da shi a Yamai da sauran manyan garuruwan Nijar.

To mu dawo gida, don mu ma muna da bakin ruwa.

Ko kun san kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko fiye, kusan girman tekun Kasfiya na yau? Tsohuwar gaɓarsa tana nan, wani dogon tudun rairayi ne da ya ratsa ta Bama da Maiduguri. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, aka auna shekarunsa aka samu kimanin 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa tonowa a Afirka da ya kai shi tsufa. A shekarar 2000 kuma, a Gobero cikin hamadar Tenere, ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago da ya fita neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ya faɗa kan maƙabarta mai kaburbura kusan 200. A gefenta ga masun kamun kifi na ƙashi, ga tarin ƙayar giwan ruwa. Inda yau raƙumi ke haƙuri da ƙishirwa, can mutane suka zauna bakin tafki suna cin kifi kusan shekara 10,000 baya.

Tafkin da muka sani ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari ya matse shi ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Ngigmi da jirage ke tsayawa a bakinta ta wayi gari ruwa ya yi mata nisa. Tun daga lokacin ɓangaren Nijar yana cika yana janyewa, gwargwadon abin da kogin Shari da Komadugu suka kawo. Tsibiransa ɗaruruwa ne. Buduma, masu kiran kansu Yedina, su ne ƴan asalin wurin, da kwalekwalensu na ciyawar ruwa da shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Masunta Hausawa sun bi kifi sun cika tsibiran, har tsibirin Darak ya zama gari, kafin kotun duniya ta tabbatar wa Kamaru da shi a 2002.

Abincin tsibiran nan kifi ne safe da yamma, amma wanda ya fi fita waje shi ne banda: a yanyanka kifi a ƙyafe shi da hayaƙi har ya yi baƙi ya bushe, a ɗure a kwali, manyan motoci su kwasa zuwa Maiduguri, daga can har Anacha da Legas. Miyar da ake ci a gidajen da ke kallon teku, sau da yawa kifin Sahel ne a cikinta.

Wannan sana'a ta sha wuya, kuma bai kamata a manta ba. Bayan harin Boko Haram a tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015, an umarci mutanen tsibiran ɓangaren Nijar su tashi, dubban jama'a suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu a ƙasa cikin zafin bazara. Aka hana kamun kifi da cinikinsa a jahar Difa, sai a 2019 aka ɗage hanin. Shekara huɗu mai koma yana kallon ruwa daga nesa. Duk mai sayen banda a kasuwar Dole ta Zinder ya san yadda farashi ya yi a lokacin.

Ko kun san ba sai an je Chadi ba? Ku ɗauki hanyar Gure, ku wuce Mirya mai kukoki da lambuna, kimanin kilomita 70 daga Zinder za ku iske tafkin Gidimuni kwance tsakanin tuddan rairayi, dabino da rake da lambuna sun yi masa ƙawanya. A 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar na dausayoyin da duniya ta yarda suna da muhimmanci, tare da tafkin Madarunfa na jahar Maraɗi, wanda ake ziyartar kaburburan waliyyai a kewayensa. Tafkin Lasuri, shi ma a jahar Damagaram, ya riga su shiga tun 2005. Ga rairayi, ga inuwar dabino, ga ruwa, ga ɗanyen kifi. Abin da ke cin Gidimuni abu biyu ne: rairayin da iska ke turowa daga tuddai in an sare itatuwan da ke riƙe da su, da ciyawar kacala da ke mamaye ruwa ta hana taru shiga.

Kuma a tuna wannan a jahar da babban birninta ke zaune kan dutse. Zinder ta riƙe hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka mayar da ita Yamai. Garin da ya san kuɗin jarkar ruwa a watan Afrilu shi ya fi kowa cancantar ya san darajar tafki.

Kifayen namu ma abin mamaki ne. Ko kun san gaiwa tana da huhu? In tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama kube, ta bar ƴar ƙofar shan iska, ta kwanta watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana rayuwa da tsokar jikinta har ruwa ya dawo. Da mutanen karkara ke cewa gaiwa jikinta take ci, gaskiya suka faɗa. Tarwaɗa ma tana shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa da rai a daro, har takan ja ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta sauya kududdufi. Karfasa a baki take renon ƙwanta, uwar ba ta cin abinci sai ƴaƴan sun fita. Minjirya tana da wutar da ta kai bolt 350, wanda ya taɓa cafkarta cikin koma ba ya bukatar a yi masa bayani. Giwan ruwa kuwa yakan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200.

Ga mai zama cin kifi a bakin ruwa, ko a Gidimuni ko a Zanzibar, alamomin ɗanyen kifi ɗaya ne. Ido ya zama garau a bulluƙe, cikin kunne ja wur, in an danna tsoka ta taso ta koma yadda take. Wanda idonsa ya faɗa ya yi hazo, a bar wa mai shi. A dafa shi ya nuna sosai. Yara kuma kada a bar su su yi ta wanka a ruwan da ba ya gudu, nan ake ɗaukar tsargiya, ta hanyar ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin ƙwari. Akwai masu zuba shi a ruwa don kifi ya taso, akwai masu fesa shi a kan banda don kada tsutsa ta ci. Guba ce, tana kashe ƙwan kifi da na baɗi, sauran kuma a cikin tukunyar miya yake ƙarewa. Bandar da ƙuda ke tsoron sauka a kanta, ku ma ku ji tsoronta. Sarkin ruwa da masu unguwanni suna da ikon tsawatarwa a nan, kuma maganarsu ta fi takardar hukuma saurin isa bakin tafki.

Matan da ke soya kifi a tashoshi da bakin tafkunanmu su ne masu gidan abincin bakin ruwa na Damagaram, ko da ba a rubuta musu allo ba. Kasko, mai, yaji, takardar naɗi, shi ke nan jarin. Abin da suka rasa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: rumfa mai inuwa, benci, ruwa mai tsabta na wanke hannu, makewayi, da firji mai aiki da hasken rana don kifin safe ya kai yamma. Motocin Difa da Gure suna bi ta Gidimuni kullum, fasinja kuwa in ya ga wurin zama mai tsabta zai sauka.

Ko kun san ma an daɗe da samo murhun banda mai cin itace kaɗan? A 1969 aka fito da shi a Corko, unguwar masunta a bakin tekun Akara, da haɗin gwiwar hukumar abinci ta duniya FAO da cibiyar binciken abinci ta Gana da matan unguwar masu ƙyafe kifi. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu da ƙofar wuta a ƙasa, a jera faifan katako masu ragar waya a kansa, ɗaya bisa ɗaya har goma ko fiye, a rufe na sama. Hayaƙi ɗaya ke ratsa su duka, kifi ya bushe daidai ba tare da an yi ta juya shi da hannu ba, wanda ya bushe sosai kuma ba ya saurin yin tsutsa. Laka da katako da waya kawai yake bukata, maginan da suka iya ɗora soro a Birni kuwa wannan aikin yini biyu ne a wurinsu.